Babur marar birki a Lublin

Mutanen Polan ba sa yi wa baƙo fara'a haka kawai. Ba ƙiyayya ba ce, halinsu ke nan, amma wanda ya tashi a Kano, inda ake tambayar gajiya da iyali da kasuwa kafin a shiga magana, sai ya ga kamar haɗa baki aka yi a kansa. Cikin hunturu na sauka Lublin. Duhu kan rufe gari tun kafin ƙarfe huɗu na yamma, ga jiran takardar zama, ga aikin lodi a wani sito inda gaisuwar safe ce kaɗai ke haɗa ni da abokan aiki.

Da Afrilun 2023 ya kama sai bakinsu ya buɗe, kuma duk a kan abu guda: żużel, tseren babura a fili mai ɓurɓushin ƙasa. A shekarar ne Bartosz Zmarzlik, zakaran duniya, ya baro ƙungiyar Stal Gorzów ya koma Motor Lublin, gari ya ɗauka. Wani dattijo mai tuƙa motar ɗaga kaya ya tambaye ni ko na san babur. Na ce ai acaɓa na yi har aka hana ta a Kano a 2013. Ya ce, "Naka yana da birki?" Na ce sosai. Ya kwashe da dariya, ya ce ranar Lahadi in shirya.

Gaskiya ya faɗa, baburan nan ba birki, giya ɗaya ce tal, injin 500cc, kuma methanol suke sha ba fetur ba. Mutum huɗu ke fita, da hular kwano ja, shuɗiya, fara da rawaya, su yi zagaye huɗu ta hannun hagu cikin kamar minti ɗaya. Na ɗaya maki uku, na ƙarshe ya tashi a tutar babu. A kwana sai direba ya wurga gindin babur waje, ya sauke ƙafar hagu mai takalmin ƙarfe tana sharar ƙasa, tsakuwa na feshi har kan 'yan kallon sahun gaba. Warin man kuwa sai ya kwana a rigarka. Tsakanin tsere da tsere tarakta ta baje fili, a yayyafa ruwa, dattijon kuma ya duƙufa da biro yana cike maki a takardar jadawali. Su da giyarsu da tsiran alade, ni da ƙullin 'ya'yan sunflower, waɗanda kusan kowa a filin ke ɓarewa yana tofar da ɓawo. A nan dai ba wanda ya dame ni da tambayar dalili.

Wasan ƙungiyoyi ke nan. Gasar duniya, Grand Prix, a talabijin muka bi ta a gidan dattijon: zango goma, daga Kuroshiya zuwa Warso, Prag, Cardiff da sauransu. Da sunayen direbobi da lissafin maki na iya ƙirge da yarensu, abin da littafi ya kasa cusa mini.

Rigimar shekarar a Vojens ta ƙasar Danmak ta faru, cikin Satumba. An hana Zmarzlik, wanda ke kan gaba a maki, yin tseren saboda rigar da ya sa a zagayen share fage ta saɓa ƙa'ida, Fredrik Lindgren ɗan Suwidin ya matso har tazarar ta koma maki shida. Ranar Litinin sito ya kaure da musu, kuma karo na farko aka juyo aka ce, kai me ka gani? Na ce doka doka ce, amma a kan riga a salwantar wa mutum da gumin shekara, hukuncin ya fi laifin. Rabi suka tafa, rabi suka yi mini ca. Zmarzlik ya je zangon ƙarshe a Toruń a ƙarshen watan ya ci tseren, ya ɗauki kambinsa na huɗu.

Da na ba Yaya labari a waya, cewa ya yi, "Wato ka bar acaɓa ka tafi Turai kana biyan kuɗi don kallon 'yan acaɓa?" Na ce, "Yaya, waɗannan ko fasinja ba sa ɗauka."