Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Ranar da Baba Ya Kai Ni Grambling

Makon jiya mun tsaya a inda sakamakon jarrabawa ya fito, na faɗi darasi biyu, na kulle kaina a ɗaki kwana uku ina lissafin kuɗin jirgin komawa gida. A rana ta huɗu dattijon da nake haya a gidansa ya ƙwanƙwasa ƙofa. Baƙar fata ne ɗan jihar Louisiana ta Amurka, tun zuwana nake ce masa Baba.

"Ɗana, sa takalminka. Za ka raka ni Grambling."

A lokacin ƙwallon Amurka, wadda ake rungumewa a ruga da ita, ba ta gabana ko kaɗan. Kunyarsa ce ta sa na shiga mota. Muka isa gidan tarihin Koci Eddie Robinson, Baba ya cire hularsa tun daga bakin ƙofa, ya ja ni gaban wani hoto.

Ya ce mutumin nan yana da shekara 22 aka ba shi horar da ƙungiyar ƙwallon babbar makarantar baƙaƙen fata ta garin Grambling a 1941, zamanin wariyar launin fata, kuma bai bar ta ba sai 1997. Ba shi da mataimaki a farko. Shi ke zana layin fili, shi ke ɗaure wa yara idon sawu, bayan wasa ya zauna ya rubuta wa jaridu labarin. Da asuba kuma ya bi ɗakunan kwanansu da ƙararrawa, kowa ya tashi ya tafi aji. Nan gabana ya faɗi, don haka mahaifina, Allah ya jiƙansa, yake yi da kacar mota a makarantar firamaren garinmu.

Shekarar farko wasa uku kacal ya ci, aka ci shi biyar. Shekara ta biyu ya lashe duka tara, babu ƙungiyar da ta samu ko maki ɗaya a kansa. A 1985 ya wuce tarihin Koci Bear Bryant na nasara 323. Yaransa fiye da 200 suka shiga gasar ƙwararru, cikinsu har da Doug Williams, gwarzon Super Bowl (wasan ƙarshe na gasar ƙwararrun) na 1988, wanda daga baya ya gaje shi a kujerar.

Jimillar ita ce nasara 408, rashin nasara 165, kunnen doki 15. Ni 408 ɗin nake kallo, Baba ya ɗora yatsa a kan 165.

"Sau nawa ka ce ka faɗi, ɗana?"

Na sunkuyar da kai na ce, "Sau biyu, Baba."

Bai ƙara cewa uffan ba har muka iso gida. Da asubar Litinin na ji ana buga cokali a jikin tukunya a ƙofar ɗakina. Na tashi na yi salla, na ɗauki jakata.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan ba ku labarin yadda muka yi da malamar lissafi.