Godiyar iyalan Baba Kafinta bayan kwana arba'in

Assalamu alaikum warahmatullah.

Yau kwana arba'in da rasuwar mahaifinmu, wanda unguwa ta fi sani da Baba Kafinta. Hajiya ce ta sa ni in rubuta wannan a madadinta da ƙannena, tunda tana takaba, mu kuma ba za mu iya bin kowa gida-gida ba. Waɗanda suka yi masa sallah har sahu ya fita titi, da waɗanda suka raka shi makwancinsa, da waɗanda suka zauna da mu kwana uku a kan tabarma, da waɗanda suka yi ta'aziyya ta waya daga Zariya, Maraɗi da Kumasi, mun gode. Allah Ya ba da lada, Ya bar zumunci.

A wurin zaman makoki an yi ta tambayata, wai ba tarin fuka ne ya yi ajalinsa ba? Mu ma haka muka ɗauka da farko. Baba ya fara da haki in ya taka zuwa masallaci, sai ciwo a gefen ƙirji na dama, sai rama. A asibitin da muka fara zuwa an ɗauki hoton ƙirji, aka ga ruwa ya taru, aka ɗora shi kan maganin tarin fuka duk da gwajin kaki bai nuna komai ba. Wata huɗu yana haɗiyar ƙwayoyin nan kullum da asuba, fitsarinsa ya koma ja, jiki kuwa sai ƙara zubewa yake. Ban riƙe kowa a zuciya ba, domin a ƙasarmu in an ga ruwa a ƙirjin dattijo tarin fuka ake fara zato. Amma watannin nan huɗu har yanzu suna yi mini ciwo.

Godiyata ta farko ga likitar ƙirji ce a asibitin koyarwa. Kafin ta duba takardunmu sai ta ja kujera kusa da shi ta ce, "Baba, wace sana'a kuka yi da ƙuruciya?" Ya ce kafinta ne shi tun 1974, rufi da silin. Ta ce silin na asbesto? Baba ya yi murmushi ya ce ai a zamaninsu in ba shi ba ba a kiran gida na zamani. Ya ba ta labarin yadda suke ɗauko shi daga Kasuwar Ƙofar Ruwa, su yanka da zarto cikin ɗakin da ba a gama sa wa taga ba, su fito fari fat kamar masu niƙan gari. Na ga fuskarta ta canza. A ranar ta rubuta hoton siti sikan, bayan mako biyu aka ciri ɗan nama daga cikin ƙirjin aka kai ɗakin gwaji.

Sunan ciwon mesotiliyoma. Sankara ce da ke kama siririn tantanin da ya lulluɓe huhu ya kuma shimfiɗe cikin haƙarƙari. Likitar ta zana mana a bayan takarda: ƙurar asbesto zare-zare ce ƙanana da ido ba ya gani, in an shaƙa sai su maƙale, jiki ba ya iya narkar da su, suna nan suna sukar wurin shekara ashirin, talatin, har hamsin kafin ciwo ya bayyana. Tantanin sai ya yi kauri ya matse huhu, ruwa ya riƙa taruwa a tsakani. Baba bai taɓa sa sigari a bakinsa ba, kuma ta ce wannan ciwon ba sigari ke kawo shi ba.

Daga baya na yi ta karatu cikin dare. Tun 1960, shekarar da muka samu 'yancin kai, wani likita mai suna Wagner da abokan aikinsa a Afirka ta Kudu suka wallafa bincike kan mutum 33 masu wannan ciwo, kusan dukansu sun shaƙi ƙurar asbesto, wasu ma ba su taɓa shiga ramin haƙarsa ba, zama kusa da wurin kawai suka yi. Ingila ta haramta shi kwata-kwata a 1999. Ke nan an san haɗarinsa shekara goma sha huɗu kafin mahaifina ya fara riƙe zarto, kuma ba wanda ya taɓa gaya masa ko da ya yayyafa ruwa kafin ya yanka.

Likitoci ba su ɓoye mana ba cewa ba a warkewa, sai dai a rage wahala a ja lokaci da ikon Allah. Aikin tiyata kuma ba zai yiwu ba saboda yadda abin ya bazu. Sau uku aka zuƙe masa ruwa. Yana zaune ya kifa ƙirji kan matashi, a sa allura ta bayansa tsakanin haƙarƙari, ruwa mai launin shayi ya riƙa gangarowa cikin kwalba, fiye da lita guda. Akwai wani nas, dogo, mai tabon sallah, da yake riƙe masa hannu yana yi masa hirar katako har a gama. Ɗan'uwa, ban san sunanka ba, amma Baba ya sa maka albarka ba sau ɗaya ba. Da ruwan ya ƙi daina dawowa sai aka zuba wata hoda mai suna talk tsakanin tantanin biyu don su manne, kuma daga nan ya samu watanni yana barci a kwance.

Sai kemo, wato maganin sankara da ake sawa ta jijiya, duk bayan kwana 21. Magani biyu ne, pemetrexed da cisplatin, tare da ƙwayar folik asid kullum da allurar bitamin B12 don rage illarsa. Bayan zagaye na biyu ƙodarsa ta fara nuna gajiya, aka canza masa zuwa carboplatin. An gaya mana akwai sababbin allurai masu zaburar da garkuwar jiki, nivolumab da ipilimumab, da Amurka ta amince da su don wannan ciwo a 2020. Da muka ji kuɗinsu sai kowa ya sunkuyar da kai.

Ko kemon ma da ƙarfinmu kaɗai ba za mu kai zagaye shida ba. Kawu ya sayar da shanunsa biyu bai yi shawara da kowa ba. Matan Islamiyyar Hajiya suka ba ta kwasar adashi alhali ba ita ke da layi ba. Jama'ar masallacinmu sun yi karo-karo Juma'a uku a jere. Ƙanwata ta bar ɗakinta da yaranta ta tare a asibiti, mijinta kuma bai taɓa nuna ƙosawa ba. Maƙwabcinmu na gabas ya jawo mana waya daga janaretonsa ta kan katanga saboda injin oksijin, in an ɗauke wuta ƙarfe biyu na dare kafin in fito na ji ya tayar, kuma ya ƙi karɓar ko kuɗin mai. Masu kula da marasa lafiyar da ciwonsu ya yi nisa su suka koya mana ba shi ruwan mofin, maganin raɗaɗi mai ƙarfi, a kan ƙa'ida, suka cire mana tsoron da muke yi masa. Da shi Baba ya samu ya yi sallolinsa a zaune cikin natsuwa har makonsa na ƙarshe. Allah Ya saka muku da Aljanna.

Yaran Baba, waɗanda ya koya wa sana'a, ku kuka ɗauki makararsa, kuma ku ya bar wa saƙo. Ya ce in gaya muku abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Tsofaffin gidaje da makarantu da yawa har gobe silin asbesto ne a kansu. In yana zaune lafiya ba a taɓa shi ba haɗarinsa kaɗan ne, fasawa da yankawa da hudawa da sharar busasshiyar ƙura su ne masifar. Ku jiƙa shi kafin ku taɓa, ku cire shi ɗungurungum ba tare da kun farfasa ba, ƙyallen da ake ɗaurewa a hanci ba ya tare wannan ƙura, kuma kada ku kai kayan aiki gida a wanke. Duk wanda ya fara haki ko ciwon ƙirji, ya gaya wa likita aikin da ya yi ko ba a tambaye shi ba. Hajiya ta yi shekaru tana kakkaɓe rigunan aikinsa kafin ta wanke, ni ma ina yaro na sha danne masa silin yana yankawa. Mun gaya wa likita, kuma da Hajiya ta fita takaba za mu je a duba mu tare.

Wata goma sha huɗu ya yi bayan an gano ciwon. Ya ga auren autarmu, ya yi wa jikansa huɗuba. Allah Ya sa jinyar ta zama kaffara, Ya jiƙansa, Ya kyautata namu zuwan.

Duk wanda Baba ya ɓata wa rai, muna roƙo ya yafe masa. Wanda yake binsa bashi, ko ya ba shi kuɗin aiki bai kammala ba, ya same ni a gida bayan la'asar. Littafinsa na awo yana hannuna, kuma mun ga ayyuka biyu da bai ƙarasa ba.