Aikin da ba a gani sai ya lalace

Tun da aka ɗora mini kula da sabobin DNS, wato tsarin da ke haɗa sunayen shafukan intanet da adireshinsu, a wurin aikinmu nake jin nauyinsa a raina. Mutum zai rubuta sunan shafi ya buɗe nan take, bai san akwai sabar da ta mayar da sunan zuwa lambar IP, wato adireshin kwamfutar da ke ɗauke da shafin, ba. Tsarin da Paul Mockapetris ya ƙirƙiro a 1983 ne muke amfani da shi har gobe.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne TTL, wato adadin daƙiƙoƙin da sauran sabobin duniya za su riƙe amsarka kafin su sake tambaya. In ka bar shi a 86400, kwana guda cur ke nan wasu na bin tsohon adireshi, kuma ba ka da ikon goge musu. Shi ya sa da za mu ƙaura zuwa sabuwar sabar, na rage shi zuwa 300 tun da wuri, na jira tsohon wa'adin ya ƙare tukuna. Alhamdu lillahi, ko imel ɗaya bai ɓace ba.

Lambar siriyal ta SOA, wato bayanin da ke farkon fayil ɗin yanki (fayil ɗin da ke ɗauke da sunayenmu da adireshinsu), ma ba wasa ba ce: ka gyara fayil ɗin ba ka ƙara lambar ba, sabar ta biyu da ke kwafa daga ta farko ba za ta ɗauki gyaran ba. Haka ɗigon ƙarshen suna a BIND, manhajar sabar DNS, in babu shi sai a liƙa maka sunan yankin a bayansa. Ni dai ba na loda komai sai named-checkzone, mai duba kurakuran fayil ɗin, ya amince, sannan in tambayi kowace sabar da dig, manhajar aika wa DNS tambaya.