Kwana huɗu a kan keke a bakin kogin Loire

Shekarata shida a birnin Tours na ƙasar Faransa, kullum ina wuce wasu ƙananan alluna masu kore da fari da hoton keke a jiki, ban taɓa bin su na ga inda suka nufa ba. Keke a wurina abin zuwa aiki ne da cefane, kamar yadda na san shi a Damagaram ina yaro, lokacin da nake tuƙa Phoenix ɗin mahaifinmu zuwa kasuwar Dole, ƙafa ɗaya ta ƙarƙashin sanda saboda ban kai sirdi ba. Ɗan ƙanwata ne, wanda ya zo karatu jami'ar garin, ya tayar da maganar. Ya ce, "Kawu, mutane na tasowa daga Jamus da Ingila don su bi hanyar nan, mu kuwa ga ta a ƙofar gida." Sai muka sa rana cikin watan Yuni, muka ɗaura jakunkuna biyu-biyu a bayan kekuna, muka shiga jirgin ƙasa zuwa Blois, garin da mutanen wurin ke furtawa Buluwa.

Hanyar ana kiranta Loire à Vélo. Tsawonta ya kai kilomita 900 ko kusa da haka, tana bin kogin Loire, wanda ya fi kowane kogi tsawo a Faransa, har zuwa inda ya faɗa teku. Wani wuri titin keke ne zalla, wani wuri kuma ƙaramar hanyar ƙauye ce da za ka daɗe a kai ba ka gamu da komai ba sai tarakta. Mu ɗan yanki kawai muka ɗauka: daga Blois mu koma gida Tours, mu ratsa ta Chambord da Amboise da Chenonceau, wuraren da ke da tsofaffin fadojin sarakunan Faransa.

Kuskurena na farko a takarda na yi shi, tun kafin mu taka feda. Na jera fadoji bakwai, na ce za mu shiga kowace. Ranar farko ta nuna mini lissafin nan ba ya yiwuwa. Mun bi bakin kogi zuwa Saint-Dyé, tsohon ƙauyen masu jiragen ruwa, inda aka riƙa sauke farin dutsen da aka gina Chambord da shi. Daga nan muka kutsa daji, domin fadar tana tsakiyar wani makeken kurmi ne da aka kewaye da katanga mai tsawon kilomita 32. Kana cikin inuwar itatuwa sai hanya ta miƙe, ka hango ginin can gaba, rufinsa cike da hasumiyoyi da bututun hayaƙi kamar wani gari ne aka ɗora a sama. Sarki François na ɗaya ne ya sa aka fara ginin a 1519. Ɗakunansa sun haura 400. A tsakiya akwai matakala biyu da suka murɗe da juna kamar igiya. Na bi ɗaya, yaron ya bi ɗaya, muna hangen juna ta tagogi, amma ba mu haɗu ba sai da muka kai sama. Awa uku muka yi a ciki. Da muka fito ƙafafuna sun fi gajiya da yawon ɗakuna fiye da tuƙin kilomita 20 da ya kawo mu. A daren na soke fadoji huɗu daga takardata, kuma ban yi da-na-sani ba.

Rana ta biyu iska ce ta karantar da mu. A yankin nan galibi daga yamma take kaɗawa, daga wajen teku, mu kuwa yamma muka dosa. Na zaɓi haka ne don na ce ai ruwa gangara yake yi, to mu ma gangara za mu yi. Gangarar kogin ba a ko jin ta a ƙafa, iskar kuwa ana jin ta a ƙirji. A kan doguwar madatsar ƙasa da aka yi don tare ambaliya babu bishiya babu gini, kai ne kawai da ita. Muka koyi bin juna a layi, na gaba ya tare wa na baya, in ya gaji a sauya. Wanda zai yi wannan tafiya, in da hali ya faro daga yamma ya nufi gabas, iska ta tura shi.

Bayan Candé, wani ƙauye mai tsohuwar gadar dutse a kan ƙaramin kogin Beuvron, tayata ta baya ta yi faci. A gida da ba abin damuwa ba ne, ko'ina ka duba akwai mai faci a gindin bishiya da bahon ruwansa da famfonsa. A nan babu kowa. Allah ya sa yaron ya zo da roba da gam da ƙaramin famfo, ni kuma hannuna bai manta aikin ba. Muka jingina keken a bangon maƙabartar ƙauyen muna ta neman inda iska ke fita. Wata tsohuwa da ta zo ba furanni ruwa ta tsaya ta gaishe mu, ta nuna mana famfon ruwa a bayan ƙofa. Daga ranar na san cewa kusan kowace maƙabartar ƙauye a Faransa tana da famfo, kuma masu keke sun daɗe da sanin haka. Sai dai a duba, in an rubuta ruwan ba na sha ba ne, a bar shi ga wanke hannu. Mu a nan muka gano hujin, muka yi alwala, muka haɗa azahar da la'asar a kan ciyawa a gefen gona.

Maganar ciki ma tana son shiri. Ƙauyukan nan shiru suke da rana tsaka. Shago na rufewa wajen sha biyu da rabi, ba zai buɗe ba sai can da yamma, wasu masu burodi kuma ba sa fitowa ranar Litinin sam. Abin da yankin Tours ya yi suna a kai, wato rillettes, naman alade ne, kuma akan yanka ƙananan gutsattsarin alade a cikin salak ko ƙwai ba tare da an faɗa maka ba, don haka tambaya wajibi ce. Mun rayu a kan burodi, da cukun akuya na Sainte-Maure wanda ake yi dogo da tsinken kara a tsakiyarsa, da tumatir, da kifin gwangwani, da dabinon da na taho da shi. Ranar bazara kuma doguwa ce ƙwarai. Magariba ba ta yi sai wajen goma na dare, abin da ke ba mutum damar hutawa da zafin rana ya ci gaba da yamma cikin sanyi.

Fadar Chaumont daga ƙasa muka kalle ta, tana kan tudu sama da kogi, muka wuce. Mun shiga Amboise rana ta yi sanyi, farar fadar tana tsaye a kan dutse sama da rufin gidajen garin.

Yawancin masu zuwa Amboise saboda Leonardo da Vinci, shahararren mai zanen nan ɗan Italiya, suke zuwa, wanda ya ƙare rayuwarsa a garin a 1519, kabarinsa kuma yana cikin wata 'yar majami'a a harabar fadar. Mu ma mun bi layi mun gani. Amma abin da ya tsayar da ni yana can ƙarshen lambu, inda mutane ba su cika ƙarasawa ba. Sarki Abdulƙadir na Aljeriya, wanda ya yi shekara 15 yana yaƙar Faransawa, ya ajiye makami a ƙarshen 1847 bisa alkawarin za a kai shi ƙasashen gabas. Ba a cika alkawarin ba. Aka tsare shi a Toulon, aka mayar da shi Pau, duk a kudancin Faransa, sannan a 1848 aka kawo shi wannan fada da iyalinsa da mabiyansa. Shekara huɗu suka yi a ciki, cikin sanyi da danshin da jikinsu bai saba da shi ba, har aka sake shi a 1852. Kafin nan mutum 25 daga cikinsu sun rasu, har da mata da ƙananan yara, aka binne su a nan. A 2005 wani mai zane ɗan Aljeriya, Rachid Koraïchi, ya tsara wurin: duwatsu 25 da rubutun Larabci, da layin wani tsiro mai ƙamshi da ya miƙe yana nuna alƙibla.

Na tsaya na kasa gaba. Ni ɗan garin da sojan Faransa suka shiga a 1899 ne, na girma ina jin labarin daga bakin tsofaffi, amma ban taɓa zaton zan tarar da kaburburan Musulmi 'yan Afirka a cikin lambun sarakunan Faransa ba, tafiyar awa biyu a keke daga ɗakin da nake kwana. Yaron ya matso ya ce a hankali, "Kawu, mu yi musu addu'a." Muka yi sallama ga mazauna kaburbura, muka roƙa musu gafara da rahama. Na yi ta tunanin uwayen da suka binne 'ya'yansu a nan, sannan aka ce musu an sake ku, ku tafi. Da na bi takardata ta fadoji bakwai, da a guje zan ratsa lambun nan ina duban agogo.

Daga Amboise zuwa Chenonceau kilomita 15 ne ko kusa, amma da hawa, domin sai ka bar kwarin Loire ka tsallaka tudu da daji kafin ka gangara kwarin kogin Cher. A nan na ga amfanin rage kaya; rabin abin da na ɗauko ban taɓa shi ba. A ƙauyukan hanyar ne kuma na kusa karo da wata mota da ta fito daga lungu ta hannun dama. Ita ke da gaskiya: inda babu alama, na dama ne ke da hanya, ko da lungunsa ya fi naka ƙanƙanta.

Chenonceau a kan ruwa aka gina ta, ƙafafunta cikin kogin Cher. Sarki Henri na biyu ya ba farkarsa Diane de Poitiers ita, ita ce ta sa aka yi gadar. Da ya mutu a 1559, uwargidansa Catherine de Médicis ta karɓe fadar, ta ba Diane Chaumont a madadinta, daga baya ta ɗora dogon zaure mai mita 60 a kan gadar. Zauren ya zama asibitin sojoji a yaƙin duniya na ɗaya. A na biyu kuwa kogin ne iyaka tsakanin yankin da Jamusawa suka mamaye da wanda ba su mamaye ba, sai ya zama ƙofar shiga tana ɓangare ɗaya, ƙofar ƙarshen zauren tana ɗaya ɓangaren, kuma an tsallakar da mutane ta nan. Mun taka shi daga wannan kai zuwa wancan, ruwa na wucewa ƙarƙashin ƙafafunmu.

Rana ta huɗu muka bi Cher ta Bléré muka dawo Tours, tsakanin gonakin alkama da ta fara ja da na inabi, ba mu shiga ko'ina ba. Iska ta kwanta, muka yi ta hirar gida.

A watan Satumba na koma Amboise ni kaɗai, na fita bayan asuba, na bi ta Montlouis inda aka fafe gidaje a jikin farin dutse. Na isa ana buɗe ƙofar fadar. Na yanki tikiti, na wuce kai tsaye ƙarshen lambu, raɓa ba ta bushe a kan duwatsun ba tukuna.