Zoɓo, Inabi da Zafin Kano

Duk wadda za ta fara haɗa abin sha a gida a garin Kano, ba citta ko kanumfari ne za su ba ta wahala ba. Zafin gari ne. A watan Afrilu, lokacin da ma'aunin zafi ke haura 40, zoɓon da kika tace da safe ya yi daɗi, in babu wuta, kafin washegari ya soma sauya hali. Na shiga wannan sana'a ne ta hanyar azumi, kamar mata da yawa. Ina haɗa na buɗa-baki, maƙwabta suka fara aiko yara da kuɗi, daga nan aka koma na suna da na biki.

Zoɓon kansa ba ya wuyar samu. A Dawanau buhu-buhu yake, yawanci daga Jigawa, kuma manyan 'yan kasuwa har Meziko suke kai shi, inda ake shan sa kamar yadda muke sha. Ni kwano nake saye. Na fi son mai duhun nan, don launinsa ya fi kama ruwa, mai hasken kuma ya fi tsami, sai na ɗan surka su. Wanki ne aikin farko, saboda a ƙasa ake shanya shi. Ki zuba a roba, ki cuɗa da sauri da ruwan sanyi, ki tsame shi sama da hannu, kada ki tsiyaye, yashin zai zauna a gindin robar. In kika bar shi ya jiƙa a ruwan wankin, rabin launin kika zubar a kwata. Citta, kanumfari da masoro a Kurmi nake saye, abarba da kokwamba kuma a 'Yan Lemo.

Abin da ya fi ɗaure mini kai a farko shi ne kwalbar da ke kumbura. Za ki ɗauko ta ki ji ta yi tauri, kina murɗa murfin ta yi fisss, kumfa ya taso, wani wari mai kaifi ya bugi hanci. Ƙanen mijina, wanda ya karanci ilimin ƙananan halittu a Jami'ar Bayero, shi ya warware mini. Ya ce, "Yaya, yis ne. Irin wanda kike sa wa fanke, sai dai wannan ba a kanti ake sayen sa ba. Yana kan ɓawon abarba, yana kan fatar inabi, yana cikin kwalbar da ba a wanke da kyau ba." Yis ɗin yana cin sukari, ya fitar da iska, ya bar barasa. Iskar ce ke kumbura kwalbar. Masu yin giyar inabi a Faransa da Italiya wannan aikin suke nema, su matse inabi su bar shi ya yi kwanaki yana tashi. Mu kuma shi muke gudu, ba don asarar jari kaɗai ba.

Da na kai maganar wajen malamarmu ta Islamiyya, ba ta yi mamaki ba ko kaɗan. Ta kawo hadisin Ibn Abbas da ke cikin Sahihu Muslim, cewa ana jiƙa wa Manzon Allah (SAW) zabibi, ya sha a ranar, ya sha washegari, har zuwa yammacin rana ta uku, abin da ya rage kuma ya bayar a shanye ko ya sa a zubar. Ta ce, "Kin ga abin ba sabo ba ne. Ruwa mai zaƙi in ya daɗe, juyawa yake. Ki lura da naki, in ya fara kumfa kada ki sayar wa Musulmi." Ta ƙara da cewa a zafin bazarar Kano kada na jira kwana ukun ma.

Daga nan na sake tsarin aikina. Ɓawon abarba yanzu tare da zoɓon nake dafa shi, ba na jefa shi ɗanye bayan an sauke. Sukari ma a ruwa nake narkar da shi a kan wuta kafin ya shiga. Ƙanƙara ba ta shiga cikin zoɓon, a kula nake jera ta gefen kwalabe, don ban san ruwan da aka yi ta da shi ba. Tukunyar alminiyam na daina, tsamin zoɓo yana cin ta, ɗanɗanon ƙarfe ya fito. Sai kanwa. Mata da yawa suna ɗiga ta don ta kashe tsami, kuma nan take za ki ga launin ya koma duhu. Amma tsamin nan shi ne ke ɗan tsare zoɓo daga lalacewa. Wanda za a sha yau, a sa kanwa ba laifi. Wanda zai kwana, ni dai ba na sa masa.

Lemon inabi na gwada shi ne da na ga ana kawo inabin Kudan ta jihar Kaduna. Ya fi zoɓo saurin juyawa, don zaƙinsa daga gona yake zuwa tare da yis ɗinsa. Maganinsa wuta. A ɗumama ruwan har ya yi tururi sosai ba tare da ya tafasa ba, a ɗura da zafinsa a kwalbar gilas da aka dafa, a rufe. Dabarar Louis Pasteur ce, masanin kimiyya na Faransa, kuma da ita wani likitan haƙori a Amurka, Thomas Welch, ya yi ruwan inabi marar barasa a 1869 don cocinsu. Yana da daɗi ƙwarai, sai dai kuɗin inabi ba ya barin riba, don haka na bar shi na gida, in an yi baƙi.

Da kasuwar baje koli ta ci a filin da ke titin Gidan Zoo, na je musamman don rumfunan masu abin sha. Kowace rumfa da 'yan ƙananan kofuna, ana miƙo maka ka ɗanɗana: zoɓo, kunun aya, tsamiya, lemon citta, na kuka da madara. Wasu zoɓon, Allah na tuba, ba ka jin komai sai fulebo da sukari, launi ja wur har ya rina harshe. Ban tsaya a nan ba. Inda na daɗe shi ne wajen wata dattijuwa da ba ta da leda mai hoto, sai kwalabe masu tsabta da takarda an rubuta ranar da aka yi. Na kurɓa zan haɗiye, ta ce, "Tsaya 'yata, ba a shan sa da gaggawa. Shinshina tukuna, sannan ki riƙe shi a baki." Na yi yadda ta ce. Tsami ne ya fara zuwa, zaƙi ya biyo a hankali, can a maƙogwaro kuma sai yajin citta. Da dabino da mazarƙwaila ta yi zaƙin, shi ya sa bai yi kaifi ba. Tsakanin kofi da kofi sai ta miƙo mini ruwa na kuskure baki, ta ce in ba haka ba duk ɗaya zan ji su. Ta kuma sa na ɗanɗana ba sanyi. "Sanyi yana rufa wa mai zoɓo asiri," in ji ta, tana dariya. Gaskiyarta, abin da ya fara juyawa ba ka gane shi in ya yi ƙanƙara.

Na tambaye ta yadda take shigar da kayanta kantuna. Ta ce sai da lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, kuma za su zo su duba wurin aiki, ba a kicin ɗin da ake girkin gida ba. Wannan ban kai ba tukuna. Na dai ɗauki rubuta rana a jikin kwalba, na rage yawan abin da nake haɗawa zuwa daidai odar da aka yi, kuma mai juna biyu ko mai shan maganin hawan jini in ta aiko saye, nakan ce ta fara tambayar likita, tunda zoɓo yana saukar da hawan jini. Kunun aya kuwa, wanda ya fi su duka saurin tsami, ba na karɓar odarsa daga Maris zuwa Mayu sai in a ranar za a sha.