Abin da na koya a kan ƙodojin iyalan Sinawa

A wata na huɗu da fara aiki a ɗakin gwaje-gwaje na tafka kuskuren da har yau in na tuna sai kunya ta rufe ni. Lokacin ina digiri na biyu a ƙasar Sin, aka saka ni cikin rukunin da ke bin diddigin wani ciwon ƙoda na gado a tsakanin iyalai 'yan ƙabilar Han. Likitoci na taƙaita sunansa da ADPKD. Wasu ƙulle-ƙulle masu ruwa ne ke tsirowa a ƙodojin biyu, su yi ta girma shekara da shekaru har su danne naman da ke tace jini. Ƙodar da ba ta fi dunƙulen hannu ba sai ta kumbura ta cika ciki. Hawan jini kan riga komai zuwa, sai ciwon kwiɓi, wani sa'in jini a fitsari, kuma kusan rabin masu ciwon kan kai ga wankin ƙoda ko dashe wajen shekara 60.

Ƙwayoyin gado biyu ne ke da alhakin mafi yawan lamarin: PKD1 da ke kan kuromosom na 16 (kuromosom shi ne ƙunshin da ke ɗauke da ƙwayoyin gado), wadda aka gano a 1994, da PKD2 a kan na 4, wadda aka gano a 1996. A cikin iyalai goma, kusan takwas matsalarsu a PKD1 take.

Ni kuwa da tunanin sikila na taho daga gida. A sikila harafi ɗaya ne na rubutun ƙwayar gado ya sauya, a wuri ɗaya, kuma shi ɗin ne dai a jikin kowa. Ka san AA, AS da SS, ka san rabin zancen. Nan ba haka ba ne. Babu mai ɗauke da cutar yana zaune lafiya lau irin na AS. Kwafi ɗaya mai tangarɗa daga uwa ko uba ya isa, don haka kowane ɗa rabi da rabi ne, ko ya gada ko ya tsira. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne kusan kowane gida da nasa sauyin. Wanda ka samu a dangin wani manomi daga lardin Henan da wuya ka sake ganinsa a dangi na gaba.

To, ga kuskuren. PKD1 doguwa ce, gaɓoɓinta 46, kuma daga ta 1 zuwa ta 33 akwai kwafinsu har guda shida a kan wannan kuromosom ɗin, kwafin bogi da ba sa aikin komai amma sun yi kama da na ainihi da kusan kashi 97 cikin ɗari. Saboda haka sai an fara ciro dogon yanki na ainihin ƙwayar da PCR, wato dabarar ninka yankin DNA, a tsarma shi da ruwa ninki dubbai don kada ragowar kwafin bogin ya shiga, sannan a karanta shi gunduwa-gunduwa. Ni na ga tsarmawar nan ta yi yawa, na rage, wai don layin da ke nuna sakamakon ya fito da ƙarfi. Ya fito kuwa. Na ga sauyi a gaɓa ta 15 a jinin wata mata mai wankin ƙoda, na buga takarda, na ja masa layi da jan biro, na nufi teburin wadda ta riga ni shiga rukunin. Shijie muke ce mata, wato Yaya.

Ta duba, ba ta ce komai ba, ta ɗauko mini jinin ƙanin matar, dattijo mai shekara sama da 60 wanda hoton ƙodarsa fes yake, da kuma na wani da ba ya cikin dangin kwata-kwata. "Ƙanena, yi waɗannan ma yadda ka yi wancan." Bayan kwana biyu sauyin nawa ya fito a jikin dukkansu. Ashe kwafin bogin nake karantawa. Da takardar nan ta wuce, da an gwada 'ya'yan dangin da ita, an ce wa masu lafiya suna da ciwo.

Malaminmu bai yi faɗa ba. Ya ce daga wannan makon, kowace Talata in bar injuna in bi shi asibiti, aikina kawai zana dangi. Murabba'i namiji, da'ira mace, a cike da baƙi in mai ciwo ne, a soke da layi in ya rasu. Da fari na ɗauka horo ne.

A can na fahimci cewa zanen nan shi ne rabin gwajin. In sauyi ya datse furotin ɗin da ƙwayar gadon ke ƙerawa tun kafin ƙarshensa, babu gardama, shi ne sanadi. Amma da yawa musayar ɗan guntu ɗaya ne kawai a cikin furotin mai guntaye sama da 4,300, kuma ba ka da tabbacin ko illa ce ko bambancin halitta ne kawai. Ƙa'idar da masana gado na Amurka suka fitar a 2015 ta kasa sauye-sauye gida biyar, na tsakiya shi ne wanda ba a san matsayinsa ba, kuma nan ne namu da dama ke maƙalewa, tunda manyan rumbunan bayanan ƙwayoyin gado jinin Turawa ya fi yawa a cikinsu. Hanyar fita ita ce a bi dangi: shin duk mai ciwo yana da sauyin, duk tsohon da ya tsira ba shi da shi?

Nan tarihin ƙasar ke shigowa cikin aikin. Dokar haihuwar ɗa ɗaya, wadda ta yi aiki daga wajen 1980 zuwa ƙarshen 2015, ta sa zanen kan fito da faɗi a sama, tsukakke a ƙasa: kaka da 'yan uwanta bakwai, iyaye uku, jika ɗaya tilo. Na saman kuma yawanci sun rasu a ƙauye ba tare da an taɓa ɗaukar hoton cikinsu ba. Sai dai ka yi ta tambaya. Me ya kashe shi? "Kumburi." Ita fa? "Faɗuwa ta yi tana girki, ba ta tashi ba." Malam ya koya mini kada in wuce irin wannan amsar, domin ciwon kan zo da kumburin jijiyar jini a ƙwaƙwalwa, kuma abin kan bi dangi. Nakan ce a raina, da gidanmu ne mai 'ya'ya ashirin da ɗoriya, da rana ɗaya an warware. Sai in tuna jininmu ya fi nasu ƙaranci a waɗannan rumbunan.

Wata rana aka kawo saurayi mai ciwon, iyayensa duka ƙodarsu lafiya. Na raɗa wa malam cewa anya mahaifinsa ne kuwa. Kallon da ya yi mini ya ishe ni. A hanya ya ce, mutum ɗaya cikin goma ko fiye ba a samun tarihin ciwon a gidansu, domin sauyin kan iya farawa daga kan mutum shi kansa. Ban ƙara sakin baki irin haka ba.

Sanin ainihin sauyin ba don ado ba ne. Wani bincike da aka yi a Faransa a 2013 ya nuna masu PKD1 da ta datse kan kai ga gazawar ƙoda wajen shekara 55, waɗanda tasu ba ta datse ba wajen 67, masu PKD2 kuwa wajen 79. Tazarar ta kai shekara 24 tsakanin farko da ƙarshe. Da shi ake tantance ɗan uwan da zai ba da ƙoda in yana matashi, tunda hoto mai kyau kafin shekara 30 ba ya wanke mutum sarai. Da shi ake zaɓar ɗan tayin da bai gada ba ga ma'auratan da suka zaɓi dashen ƙwai. Yana kuma cikin abin da ake dubawa kafin a ɗora mutum a kan tolvaptan, maganin da Japan ta amince da shi a 2014, Amurka a 2018, wanda ke rage saurin ciwon amma ya bar mutum da ƙishirwa da yawan fitsari, ga sa ido a kan hanta.

Daga baya mun samo ainihin sauyin matar nan ta farko, irin mai datsewa ne. 'Yarta ɗaya, shekararta 26, ana shirin bikinta. Ta ba da jini, amma ranar karɓar sakamako ta zauna gaban malam tana murza igiyar jakarta, ta ce a bar shi tukuna, ba ta son shiga ɗakin aure da wannan a ranta. Ni da na san abin da ke cikin ambulan ɗin, zuciyata ta yi ta azalzala ta. Malam ya ce mata to, ta dai riƙa auna hawan jininta, ta rage gishiri, ya mayar da ambulan ɗin aljihun tebur ya kulle. Da na tambaye shi abin da zan sa a da'irarta, ya miƙo mini fensir ya ce in sa alamar tambaya.