Farfelar da na buga wa Kawu da leza ta karye a rana ta uku

Injin ban-ruwan Kawuna tsoho ne, ya fi ni shekaru, kuma da shi yake noman ranin shinkafa a gonarsa da ke yankin Kura. Da farfelar cikinsa ta cinye, an zaga Ƙofar Ruwa da Sabon Gari ba a samu irinta ba. Ni kuwa ina karatu a waje, kuma ɗakin bincikenmu yana da na'urar da ke narkar da garin ƙarfe da leza, shimfiɗa bayan shimfiɗa, har abu ya tashi. Na ce a aiko mini da awonta, zan zo da sabuwa in na dawo hutu.

Zanen bai ba ni wahala ba. Garin ƙarfe marar tsatsa na ɗauka, samfurin 316L. Saitin da muka saba shi ne ƙarfin leza wat 200, gudu milimita 800 a daƙiƙa, tazarar layin leza milimita 0.1, kaurin shimfiɗa milimita 0.04. Idan ka raba ƙarfin da sauran ukun a ninke, za ka samu yawan zafin da ke shiga garin, kusan jul 62 a kowace milimita kubik, wato ɗan dunƙule mai milimita ɗaya ta kowane gefe. Amma lokacin da aka ba ni a kan na'urar kaɗan ne, ga tafiya ta matso. Sai na ɗaga gudun zuwa 1400, ban taɓa komai ba. Da hannuna na yi, kuma na san lissafin: zafin da ke shiga garin ya faɗo ƙasa da jul 36. Ko ɗan dunƙulen gwaji ɗaya ban buga ba.

Abin da ya ruɗe ni shi ne kyanta. Da na goge ta sai sheƙi take. Kawu ya juya ta a hannu ya ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗana." Kwana biyu ruwa na kwarara a kwami. Ranar ta uku da hantsi injin ya yi wata ƙara, ruwan ya tsaya, shinkafa kuwa ta yi ciki, lokacin da ba ta jure ƙishi. Sai da Kawu ya yi hayar injin maƙwabci na kwana tara, kuɗin da bai tanada ba. Har yau bai yi mini maganar kuɗin nan ba, shi ya fi ci mini rai.

Na kai karyayyen fiffiken wurin maƙerin garinmu. Ya kai shi hasken rana, ya kankare bakin karayar da farce, sai ga ƙananan ƙwayoyi suna zubowa a tafinsa kamar tsaki. Ya ce, "Injiniya, ƙarfen nan ai bai dahu ba. Tuwo ne mai gudaji." Na ce, "Gaskiya ne, Baba." Bai taɓa ganin leza ba, amma abin da ya faɗa shi ne ainihin ciwon. Lezar ta wuce da sauri, narkakken bai nutsa ya kama shimfiɗar ƙasa ba, sai aka bar ramuka masu kaifin baki cike da ɗanyen gari. Daga irin wannan bakin tsaga take farawa, balle ga abin da ke juyawa dubban sau a minti cikin ruwa mai yashi.

Kada wani ya ji haka ya ce to a rage gudu sosai. Idan zafin ya yi yawa ƙarfen tururi yake yi, ya bar ramuka zagayayyu a ciki. Tsakanin biyun akwai 'yar siririyar hanya, kuma kowane gari da kowace na'ura da tasu.

Da na koma, na auna guntun a iska da cikin ruwa don in san cikarsa. Ƙarfen da ya kamata ya kusa giram 8 a kowace santimita kubik, nawa bai kai 7.5 ba. Awon minti goma ne, da na yi shi tun farko da farfelar ba ta hau jirgi ba. A karo na biyu na buga dunƙule shida masu faɗin milimita 10, kowanne da gudunsa, na auna, na yanka biyu na duba cikinsu. Na koma kan 800. Na kuma gasa ta a tanda kafin a yanke ta daga farantin da aka buga ta a kai, don ɗaurewar da zafin leza ya bari a cikin ƙarfen ta saki.

Ita ce a injin yanzu, rani na biyu ke nan. Duk da haka, in na kira gida, kafin in gama gaisuwa nake tambayar Kawu yaya ƙarar injin take.